Kwana huɗu bisa keke: daga Birnin Ƙonni zuwa Illela

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Shekara da shekaru ina zaune a Yamai ina juya takardun ma'aikata daga faransanci zuwa hausa, ina rubuta sunan Galmi da Malbaza da Badagishiri, alhali ban taɓa shan ruwan ko ɗaya daga cikin garuruwan nan ba. Shi ya sa da hutuna ya zo cikin watan Janairu, na sauka Ƙonni wurin wani abokina da muka yi makarantar horon malamai tare, muka shirya tafiya bisa keke, mu biyu tak, ba mota, ba ɗan jagora.

Guzurinmu bai da yawa: jarkar ruwa, bargo, famfo, kayan faci, ƙuli-ƙuli da dabino, sai takardun shaidarmu. Kafin mu tashi mun je mun gaida jandarmomi mun faɗa musu hanyar da za mu bi, domin a shekarun baya-bayan nan an sha fama da ƴan bindiga a yankin iyaka. Suka ce mu riƙe kwalta, kada kuma dare ya same mu a daji. Mun kiyaye wannan shawara har muka dawo.

Ƙonni gari ne mai tarihi. A shekarar 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone birnin, ta hallaka jama'a masu yawa. Yau kuwa abin da ke tarbar matafiyi a bakin gari shi ne koren gonakin rani na fiye da hekta 2,000, waɗanda ke shan ruwan madatsun Mozage da Zango da aka gina bisa Majiya. Mai mota yakan wuce su cikin ƙiftawar ido. Mai keke shi ke jin sanyin ruwa a fuskarsa, ya ga manomi duƙe yana buɗe wa kwami ruwa.

Da muka wuce Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu da babbar hanya, sai muka gane kuskurenmu na farko. Iskar hunturu daga gabas maso arewa take busowa, mu kuwa gabas muka dosa. Kowace taka feda sai ta zama biyu. Da hantsi muka hango masana'antar siminti ta Malbaza, wadda ke aiki tun shekarun 1960 da farin dutsen da ake haƙowa nan kusa. La'asar sakaliya muka shiga Galmi, garin da albasarsa ta kai sunan Nijar kasuwannin Abijan da Akara. Wani manomi ya ba mu masauki a zaurensa. Ya ce wahalar albasa ba nomanta ba ce, ajiyarta ce: lokacin girbi kowa na da ita, kuɗinta ya faɗi, wanda ya iya adana ta cikin rudu har damina ba ta ruɓe ba, shi ke cin riba.

Kashegari muka juyo Tsarnawa, iska na tura mu, muka kama hanyar arewa muka kwana Gidan Idar. A rana ta uku ne tafiya ta gwada mu. Ƙasar Adar tudu ce da gangare, ga dutse ko'ina. Kan wani hawa sarƙar kekena ta tsinke, ruwanmu ya kusa ƙarewa, rana kuma ta karkata. Na ce mu tsayar da mota mu koma, abokina ya ce ba mu zo nan don mu koma cikin mota ba. Muka yi ta jan kekuna ba mai ce wa wani uffan, har muka iske wani dattijo a gona.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa, sannunku samari. Daga ina da rana haka?"

Ya ba mu fura, ya aiki jikansa ya kirawo mai gyaran keke daga ƙauye. Muna jira ya nuna mana gonarsa. Ya ce a da fako ce, ko ciyawa ba ta tsira. Da rani yakan haƙa ƙananan ramu, ya zuba taki ciki. Gara ta bi takin ta huda ƙasa, in ruwa ya sauka ya tsaya cikin ramin, hatsi ya tashi. Wannan ita ce tassa. Na san kalmar, na sha rubuta ta. Na san cewa a 1989 wasu manoman Illela sun je Yatenga, a Burkina Faso, sun ga yadda ake gyara wannan dabara, suka dawo da ita. Abin da ban sani ba shi ne nauyin aikin. Dattijo ya miƙa mini haƙoƙi, ban gama rami uku ba hannuna ya yi kanta. Ya yi dariya ya ce: "Malam, alƙalami ya fi sauƙi."

Mun kwana Badagishiri, gari mai babbar kasuwar bisashe, rana ta huɗu muka karkata yamma muka shiga Illela, mazaunin Sarkin Adar. Kada mai karatu ya rikita ta da Illela ta Nijeriya wadda ke maƙwabtaka da Ƙonni.

Ga mai niyyar irin wannan tafiya, shawararmu ita ce: ya zaɓi lokacin sanyi, ya tashi da asuba, ya sauka kafin magariba, ya tambayi hukuma labarin hanya, in ya isa gari ya fara da gaida mai gari. Ya kuma tafi da abokin da za su iya saɓawa su shirya.

Ni dai na koma bakin aikina. Amma yanzu in na iske "gyaran hekta ɗari" cikin takarda, nakan tsaya in tuna da ramu ukun nan. Allah ya ba manomanmu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.