Ramin Da Ke Ɓoye A Gindin Gada: Yadda Na'urar Sona Ke Auna Zaizayar Ƙasan Kogi

Kusan duk kayan da ake fatauci da su a mota tsakanin arewaci da kudancin Nijeriya sai sun ƙetare kogin Kwara ko na Binuwai. Shanu da hatsi da tumatir da albasa masu gangarawa kudu, da goro da manja da man fetur masu hawa arewa, duka suna bi ta kan gadoji ƙalilan, kamar ta Jebba, da ta Jamata kusa da Lakwaja, da na Makurɗi. Idan ɗan kasuwa ya yi kukan hanya, galibi ramukan kwalta yake nufi. Amma abin da ya fi kayar da gadojin da ke kan koguna yana can ƙarƙashin ruwa, wato zaizayar ƙasar da ke riƙe da ƙafafun gada. Ƙididdigar da injiniyoyi suka yi a Amurka ta nuna cewa kimanin kashi 60 cikin 100 na gadojin da suka rushe a ƙasar, aikin ruwa ne ya kayar da su, kuma wannan zaizaya ce kan gaba.

Yadda kogi ke cin gindin gada

Masana sun kasa zaizayar gida uku. Ta farko ita ce wadda ƙasan kogi gaba ɗaya ke ƙara zurfi sannu a hankali cikin shekaru. Ta biyu tana faruwa ne inda aka matse kogi domin a rage tsawon gada, sai ruwa ya ƙara gudu a mashigar, ya kwashe yashin da ke wurin. Ta uku, wadda ta fi haɗari, ita ce ta gindin ginshiƙi. Idan ruwa mai gudu ya bugi ƙafar gada, wani sashensa yakan nutsa ƙasa, ya yi ta juyawa yana ƙwaƙule yashi kamar yadda ake haƙa da magirbi, har rami ya kewaye ginshiƙin. Bisa ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita, zurfin irin wannan rami yana iya kaiwa ninki biyu na faɗin ginshiƙin, har ma ya ɗara. Ke nan ginshiƙi mai faɗin mita 3 yana iya samun rami mai zurfin mita 6 a gindinsa.

Babbar matsalar ita ce ramin yana ɓoye kansa. Yakan kai iyakar zurfinsa ne a tsakiyar ambaliya, lokacin da ruwa ya yi ja, ya yi ƙarfi, babu mai nutson da zai iya shiga. Da zarar ruwa ya fara janyewa, sai yashi da laka su sake cika ramin. Injiniyan da ya zo duba gada da rani zai tarar da ƙasa a shafe, ya rubuta cewa lafiya lau. Alhali yashin da ya cika ramin sako-sako ne, ba ya riƙe komai, kuma ambaliya ta gaba za ta kwashe shi cikin ɗan lokaci ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Abin da ya farkar da hukumomin Amurka shi ne haɗarin ranar 5 ga Afrilu, 1987, lokacin da gadar rafin Schoharie da ke kan babbar hanyar jihar Niyok ta rufta a cikin ambaliya. Motoci 5 suka faɗa ruwa, mutum 10 suka rasu. Bincike ya gano cewa ruwa ya rarake ƙarƙashin harsashin ɗaya daga cikin ginshiƙan, bayan duwatsun da aka jibge don kare shi sun zube ba a mayar da su ba. A 1988 aka gyara dokar duba gadoji ta ƙasar, aka wajabta duba sassan da ke cikin ruwa aƙalla sau ɗaya a kowace shekara 5.

Aikin na'urar

Sona na'ura ce mai aiki da amsa-kuwwa. Tana harba sauti zuwa ƙasan kogi, sa'an nan ta auna lokacin da sautin ya ɗauka kafin ya dawo. Sauti yana tafiyar kimanin mita 1,500 a daƙiƙa guda cikin ruwa, saboda haka idan aka san lokacin zuwa da dawowa, an san zurfi. A ruwa mai zurfin mita 10, amsar takan dawo cikin abin da bai kai kashi 2 cikin 100 na daƙiƙa ba. Tun da sauti ba ya bukatar haske, jan ruwan damina da ke makantar da mai nutso da kyamara ba ya hana na'urar aiki.

Ana amfani da ita ta hanyoyi uku. Akwai wadda ake ɗaurawa a jikin kwalekwale mai inji a kewaya ginshiƙai. Mai sauƙin kuɗi daga cikinsu tana auna wuri ɗaya a lokaci guda, mai tsadar kuwa tana watsa ɗaruruwan layukan sauti kamar mafici, ta fitar da taswirar ƙasan kogin a kwamfuta, da kowane rami da tudu. Akwai kuma mai kaurin sauti, wadda sautinta ke ratsa yashin sama ya taɓo tsohuwar ƙasa mai tauri. Wannan ita ce ke tona asirin ramin da ya riga ya cike. Ta uku ita ce wadda ake kafewa a jikin ginshiƙi dindindin, da batir da faifan hasken rana, tana aika awo ta layin wayar salula dare da rana. Injiniya yakan sa mata iyaka, idan rami ya kai wani zurfi sai ta aika gargaɗi, a rage nauyin motoci ko a rufe gadar.

An ga amfanin wannan a jihar Karolina ta Arewa a Amurka. A farkon Disamban 2013, awon sona da aka saba yi ya nuna cewa yashi ya zube ƙwarai daga gindin wasu ginshiƙan gadar Bonner, wadda a lokacin ita kaɗai ce hanyar mota zuwa tsibirin Hatteras. Nan take aka rufe ta, aka koma jigila da jiragen fito, aka kawo jirgin yasa ya tura yashi gindin ginshiƙan. Kafin mako biyu su cika an sake buɗe ta, ba a rasa rai ko ɗaya ba. Gadar ta ci gaba da aiki har aka buɗe sabuwa a 2019.

Inda abin ya shafi Nijeriya

Abu biyu ne ke ƙara wa zaizaya ƙarfi, kuma duka akwai su a Nijeriya. Na farko shi ne madatsun ruwa. Madatsa irin ta Kainji, wadda aka kammala a 1968, takan tare yashin da kogi ke ɗauke da shi, sai ruwan da ta saki ya riƙa ɗibar na ƙasan kogi a gabanta. Na biyu shi ne haƙar yashin gini. Duk tifar yashin da aka ɗiba kusa da gada, kogi zai cike gurbinta ne da yashin da ke kewaye, har da na gindin ginshiƙi. A ƙasar Fotugal, gadar Hintze Ribeiro da ke kan kogin Duro ta rushe ranar 4 ga Maris, 2001, bayan an shafe shekaru ana haƙar yashi a kogin. Wata bas da ƙananan motoci 3 suka faɗa ruwa, mutum 59 suka halaka, ministan da ke kula da ayyuka ya yi murabus.

A Legas ma an fara ganin alamun. Gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, wadda aka buɗe a 1990, tana tsaye ne a kan turakun da aka kafa cikin ƙasan ruwa, kuma irin waɗannan turaku suna samun ƙarfinsu ne daga ƙasar da ta rungume su. A 2025 Ministan Ayyuka, Injiniya David Umahi, ya bayyana cewa binciken ƙarƙashin ruwa da aka yi a 2013 da 2019 ya nuna lalacewa mai tsanani a gindin wannan gada da ta Carter, ya kuma ambaci haƙar yashi ba bisa ƙa'ida ba cikin dalilai. Kuɗin gyaran Third Mainland kaɗai, a cewarsa, ya haura naira tiriliyan 3.

'Yan kasuwa sun riga sun ɗanɗana abin da yankewar hanya ke jawowa. A Yunin 2017 ruwan sama ya karya gadar Tatabu da ke tsakanin Mokwa da Jebba, manyan motoci suka koma zagaye mai nisa. A Oktoban 2022 ambaliya ta shafe hanyar Lakwaja zuwa Abuja a wajen Koton Ƙarfe. Gada ba ta faɗi ba, amma tankoki da tireloli sun yi kwanaki a tsaye, Abuja ta shiga ƙarancin mai, ɗanyen kaya ya ruɓe a hanya. Ruwa yakan janye cikin makonni. Babbar gada kuwa idan ta faɗi, sake gina ta aikin shekaru ne.

Iyakar na'urar da abin da ya rage

Sona tana da nata rauni. Kumfar ruwa da itatuwa da ciyayin da ambaliya ke kwasowa suna iya rikita awonta ko su karya ta, ba ta aiki sosai a ruwa marar zurfi, kuma batir da faifan rana suna bukatar tsaro daga ɓarayi. Haka zalika na'urar ba ta gyara komai. Aikinta shi ne ta nuna wace gada ce ke bukatar a jibge mata duwatsu ko a ƙarfafa harsashinta, domin kuɗin gyara da ba su da yawa su tafi inda haɗari ya fi kusa. Awo guda kuma ba ya wadatarwa, sai an kwatanta na bana da na bara, da na kafin ambaliya da na tsakiyarta.

Nauyin wannan aiki ya rataya ne a wuyan Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya, tare da Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida da ke da hedkwata a Lakwaja, wadda ke ba da izinin yasa a manyan koguna. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu manyan motoci da kamfanonin inshora suna da hujjar neman a riƙa auna gindin manyan gadojin Kwara da Binuwai kafin damina da lokacin cikar kogi a watannin Satumba da Oktoba, a kuma riƙa bayyana sakamakon ga jama'a. Mai kaya da ya san halin da gada ke ciki tun da wuri yana iya sauya hanya, ko ya ɗage lodi, ko ya tanadi kaya a rumbu kafin a rufe ta.