Zaman Bariki a Indiya: Abin da 'Yan Bama Suka Riƙe

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Turawan Ingila sun ɗebi dubban samari daga ƙasar Hausa zuwa yaƙin Bama. Runduna ta 81 ta sauka Indiya a shekarar 1943, ta 82 kuma ta bi bayanta a 1944. Kafin su shiga daji, sun yi watanni a sansanonin horo irin na yankin Ranci. Bayan an gama yaƙi a 1945 kuma, da yawansu sun zauna jiran jirgin ruwa har cikin 1946.

Wannan zama na bariki yana cikin abubuwan da tsofaffin sojojin suka riƙa ambata a hirarsu. Idan an tashi daga fareti, akan taru wajen wanda ya iya boko ya karanta musu Gaskiya Ta Fi Kwabo, ko ya rubuta musu wasiƙa zuwa gida. Wasu a nan suka fara koyon karatu da Turanci. Ranar hutu sukan shiga kasuwa, su yi salla da Musulmin Indiya, su ga talaucin da bai bar waɗanda suka daɗe a hannun Turawa ba, su kuma ji yadda Indiyawa ke neman 'yancin kai.

Da wannan buɗewar ido suka dawo gida. Yanzu kusan dukkansu sun riga mu gidan gaskiya. Saboda haka ya kamata malaman makaranta su sa ɗalibai su tambayi 'ya'yansu da jikokinsu, a rubuta abin da ya saura kafin ya salwanta.