Amsoshin Wasiƙunku: Yadda Ake Lissafin Kuɗin Wuta Idan Farashi Ya Canza a Tsakiyar Wata

Wasiƙu sun zo mana daga Anka da Gummi da Bukkuyum, galibi daga masu injin niƙa da masu sayar da ƙanƙara. Tambayarsu ɗaya ce: idan an canza farashin wuta wata bai ƙare ba, da wane farashi za a yi wa mutum lissafi? Matambayi ba ya ɓata, ga amsa.

Kaduna Electric ne ke raba wuta a Jihar Zamfara, amma hukumar NERC ce ke yanke farashi. Tun shekarar 2020 aka kasa masu shan wuta rukuni biyar, daga A zuwa E. Rukunin A an yi masa alkawarin wutar awa 20 a rana, na E kuwa awa 4. Saboda haka, malam, fara duba rukuninka a takardarka.

Kowane farashi yana da ranar da ya fara aiki. Misali, a 2024 yunit ɗaya na rukunin A ya koma Naira 225 daga 3 ga Afrilu, ya sauka zuwa Naira 206.80 daga 6 ga Mayu, sannan ya zama Naira 209.50 daga 1 ga Yuli. Ƙarin na Afrilu bai taɓa sauran rukunonin ba. Aikin kwamfuta shi ne ta ajiye jerin ranakun nan da farashinsu, ta haɗa kowace rana da nata. Kai ma za ka iya da biro da takarda.

A ce ɗan rukunin A ya sha yunit 310 a watan Mayun 2024, wato yunit 10 kullum. Kwana 5 na farko yunit 50 ne, sau 225, Naira 11,250 ke nan. Sauran kwana 26 yunit 260 ne, sau 206.80, ya ba da Naira 53,768. A haɗa, Naira 65,018. Da za a yi duka da tsohon farashi, Naira 69,750 zai kama, an ɗora masa Naira 4,732 a banza. Bayan wannan ne ake ƙara harajin VAT, kashi 7.5 cikin 100.

Mai mitar kati shi ba ruwansa da raba kwanaki. Farashin ranar da ya sayi yunit shi ne nasa, ko gobe aka canza, abin da ya loda yana nan.

Shawara dai ita ce, ranar da kuka ji sanarwar sabon farashi a rediyo, ku rubuta lambar da mita ta nuna da kwanan wata. Idan lissafi ya saɓa, ku fara kai kuka ofishin kamfani a rubuce, in ba a share muku hawaye ba ku wuce hukumar NERC.

Allah Ya sa albarka a sana'a. Sai mun ji daga gare ku.