Sinadarin Cikin Shanu da Aikin Yanar Ido

A Tamale da ke arewacin Gana, kamar a Kano da Zariya, yanar ido ce kan gaba wajen makantar da tsofaffi. Mutane da yawa na zaton wata fata ce ke rufe ido daga waje. A gaskiya madubin da ke cikin ido ne yake dushewa, ya yi fari kamar madara. Maganinta kuwa tiyata ce.

Wannan madubi yana cikin wata 'yar jaka, wadda waɗansu zarurruka sirara suke riƙe da ita. A da, likitoci kan ciro madubin tare da jakarsa gaba ɗaya. Zarurrukan tsoho ba su da ƙwari, suna tsinkewa da sauƙi. Na mai ƙananan shekaru kuwa suna da tauri, in an ja da ƙarfi jakar tana iya fashewa.

A shekarar 1957, wani likitan ido a birnin Basalona na ƙasar Sifen, Joaquín Barraquer, ya sa wa wani majiyyaci sinadarin kimotirifsin don ya narkar da jinin da ya taru masa a ido. Shi wannan sinadari enzayim ne mai narkar da furotin, ana samunsa daga cikin shanu. Sai likitan ya lura madubin ya goce daga wurinsa, wato zarurrukan sun narke. Ya ci gaba da gwaji, ya sanar da duniya a 1958. Nan da nan likitoci suka rungumi dabarar, domin cikin 'yan mintoci madubin yana fitowa ba gardama.

Amma sauƙin da likita ya samu ba shi kaɗai ne abin aunawa ba. A 1964, wani likita a Amurka, Ralph Kirsch, ya kwatanta idanun da aka sa wa sinadarin da waɗanda ba a sa wa ba. Ya gano matsin ruwan ido ya fi hawa a rukunin farko cikin kwanakin da suka biyo bayan aiki. Daga baya aka fahimci ɓurɓushin zarurrukan ne ke toshe magudanar ruwan idon na ɗan lokaci.

Yanzu salon aikin ya canza. Likita yakan bar jakar a wurinta, ya cire madubin da ya dushe, ya sa na roba a ciki. Zarurrukan da ake neman narkarwa a da, su ne yau suke riƙe sabon madubin.