PRP da Wahalar Tsayar da 'Yan Takara: Suna Babba, Hannu Gajere

A zaɓen 1979 jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta ci kujerar gwamna a jihohi biyu. Abubakar Rimi ya hau a Kano, Balarabe Musa a Kaduna. Yau jam'iyyar tana nan da rajistarta da tambarinta na makulli, amma duk kakar zaɓe babbar matsalarta ita ce samun waɗanda za su riƙe mata tuta a jihohin da aka haife ta. Wannan lamari ya cancanci nazari, domin abin da ke damun PRP shi ke damun kusan kowace ƙaramar jam'iyya a Nijeriya.

Tushen matsalar yana cikin doka. Kundin tsarin mulkin 1999 bai yarda da jam'iyyar jiha ɗaya ba. Dole hedikwata ta kasance a Abuja, shugabanninta kuma su fito daga aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohi. Jam'iyyar da ƙarfinta na gaske bai wuce Kano da Kaduna da Bauchi ba, tilas ta yi shigar jam'iyyar ƙasa, ta kashe ɗan abin da ke hannunta wajen riƙe ofisoshi a inda ba ta da jama'a. Ga kuma takobin soke rajista a wuya. A watan Fabrairun 2020 hukumar zaɓe ta INEC ta soke jam'iyyu 74, ta bar 18 kacal. PRP ta tsira, kuma kujerun majalisar wakilai biyu da ta ci a jihar Bauchi a 2019 sun isa su cika sharaɗin riƙe rajista.

Sai batun kuɗi, wanda a ganina ya fi kowane nauyi. Mu ɗauki Kano. Ƙananan hukumomi 44 ne, mazaɓu 484, kujerun majalisar jiha 40, na majalisar wakilai 24, rumfunan zaɓe kuma sun haura dubu 11. Kowace rumfa tana bukatar wakilin jam'iyya da zai zauna tun safe har a ƙirga ƙuri'a, ya sa hannu, ya karɓi kwafin sakamako, ya bi akwati zuwa wurin tattarawa. Wannan mutum yana bukatar kuɗin abinci da na mota. Idan ba a ba shi ba, zuwa la'asar ko dai ya tafi gida, ko kuma wani mai jaka ya ja shi gefe. Ɗan takarar da ba shi da wakili a rumfa zai sha wuya wajen kafa hujja a kotu, ko da an yi masa maguɗi a bainar jama'a. Gwamnati ta daina bai wa jam'iyyu tallafi, kuɗin katin ɗan jam'iyya kuwa kusan ba wanda ke biya.

Wannan rashi ne ya haifar da ɗabi'ar da ake gani yanzu, wato jiran waɗanda manyan jam'iyyu suka ɓata wa rai. Da yake doka ba ta amince da ɗan takara mai zaman kansa ba, wanda aka hana tikiti dole ya nemi inuwa, ƙaramar jam'iyya kuma tana neman mai ɗaukar ɗawainiya. Tsadar fom ma tana koro mutane: a 2022 APC ta sayar da na takarar gwamna a kan naira miliyan 50. Farfesa Muhammad Ali Pate ya bar APC ya yi wa PRP takarar gwamnan Bauchi a 2019, daga baya ya koma APC, ya zama ministan lafiya a 2023. A Kano, Salihu Tanko Yakasai, tsohon hadimin Gwamna Ganduje, shi ya riƙe tutar a 2023.

Ban ga laifin waɗannan mutane ba, kuma shigowarsu tana da amfani. Suna kawo kuɗi da magoya baya, suna sa a riƙa jin sunan jam'iyyar a rediyo, wani lokaci har a ci kujerar da za ta ceci rajista. Amma illar tana da zurfi. Tsohon ɗan jam'iyya da ya yi shekara da shekaru yana biyan hayar ɗan shagon da aka mayar ofishin mazaɓa, yana share shi, yana kafa tuta, sai ya wayi gari an miƙa wa baƙo tikiti. Bayan zaɓe baƙon ya tafi da mutanensa, ofis ya koma yadda yake. Jam'iyyar ta zama kamar rumfar bakin hanya, ana fakewa a cikinta idan ana ruwa, da ya ɗauke kowa ya kama gabansa. Mai jefa ƙuri'a shi ma ya koyi darasi, har ka ji yana cewa ba zai yi asarar ƙuri'arsa ba.

Wasu za su kawo misalin NNPP, wadda ta ci Kano a 2023 bayan shigar Kwankwaso a 2022. Amma can ba jam'iyya ce ta samo ɗan takara ba, tafiyar Kwankwasiyya ce da ta riga ta kafu a kowace unguwa ta nemi tambari. APGA ta fi zama abin dubawa, domin tun 2006 take riƙe da Anambra, ta san iyakarta ta zauna a ciki.

PRP ma tana da nata rabon laifi. Rabuwarta gida biyu, Santsi da Taɓo, ta raunana ta tun Malam yana raye, rikicin shugabanci kuma bai rabu da ita ba a wannan jamhuriyar. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda ake kashe ƙarfi wajen takarar shugaban ƙasa, kamar ta Kola Abiola a 2023, alhali akwai kujerun majalisar jiha da malamin makaranta ko shugaban 'yan kasuwa mai mutunci zai iya ci idan aka tattara wakilai da kuɗi a mazaɓu biyar ko shida. Hanyar kansila da ciyaman ta fi dacewa da talaka, sai dai hukumomin zaɓe na jihohi ne ke gudanar da ita, kuma jam'iyyar gwamna ce kan kwashe kusan komai. Saboda haka majalisar jiha, wadda INEC ke shirya zaɓenta, ita ce ƙofar da ta rage wa PRP a Kano da Kaduna da Bauchi, kuma neman waɗanda za su tsaya mata a can aiki ne na shekara uku kafin zaɓe.