Nagatif ɗin da ake zubarwa a bola, da hotunan tsohuwar Kano da ake yi wa kwalliya

Idan dattijo ya rasu a cikin birnin Kano, a Yakasai ne ko Mandawari ko Gwale, bayan sadakar bakwai akan buɗe adakarsa. Takardun gida a adana, riguna a raba, hotuna kowa ya ɗauki wanda mahaifiyarsa take ciki. Sai a tarar da wani tsohon ambulan cike da baƙaƙen ledoji masu kusurwa huɗu, waɗanda in an ɗaga su sama ake ganin mutane da farar fuska da baƙin rawani. Wani ya ce, "Nagatif ne, ya gama aiki." Kafin la'asar yara sun kwashe suna leƙen rana da su, sauran sun bi shara.

Waɗannan manyan nagatif na fim ɗin da ake kira 120 ne, wanda kamfanin Kodak ya fito da shi a 1901. Kowane hoto kusan santimita 6 ne tsawo da faɗi, naɗi guda kuma hoto 12 kacal yake ci. Kyamarorinsa su ne irin su Rolleiflex ta Jamus da Yashica ta Japan, masu ido biyu, waɗanda mai hoto yake riƙewa a ciki ya sunkuyar da kai yana leƙawa ta sama.

Hujjar masu zubarwa guda ce: ai hoton da aka wanke yana nan, kuma wayar yanzu mai megafiksel 50 ko 108 za ta ɗauke shi tsaf. Wannan magana ta yi wa tarihin gidaje ɓarnar da gara ba ta yi ba. Hoton takarda kwafi ne, nagatif shi ne uwa. Fim ɗin 35 da aka saba gani a bukukuwa milimita 24 ne da 36. Na 120 kuwa milimita 56 ne kowane gefe, wato filinsa ya ninka wancan fiye da sau uku da rabi. Abin da ya shiga wannan fili, takarda mai girman tafin hannu ba ta iya fitar da shi duka. Ga shi takardar ta sha rana a bangon falo shekara hamsin, ta koɗe, ƙuda ya yi mata ɗigo. Wayar da ta ɗauke ta, komai tsadarta, koɗewar za ta ɗauka, ta ƙara da ƙyallin gilashin firam da inuwar hannun mai ɗauka.

A ɗora nagatif mai lafiya na wani mahayi a Hawan Daushe a kan na'urar sikanin, a faɗaɗa shi a kwamfuta. Za a iya gane ko aikin rigarsa aska biyu ne ko aska takwas. Za a ga naɗin amawalinsa, da adon linzami, da dagin da ke jikin soron da ke bayansa, wataƙila har da lambar wata mota da za ta nuna zamanin. A takarda duk wannan ya zama ɗan dishi-dishi. Ƙofar Na'isa an rushe ta a 2010 don faɗaɗa titi, wadda take tsaye yanzu sabon gini ce. Badala kullum raguwa take yi. Duk wanda nagatif ɗinsa ya kama waɗannan wurare a shekarun 1960, ko da a bayan ango ne, yana riƙe da abin da ba za a sake ɗauka ba.

Wasu sun gane haka tun da wuri. Malick Sidibé na Bamako ya adana nagatif ɗinsa na samari da 'yan matan garin, daga cikinsu aka wanke manyan hotunan da suka kai shi ga babbar lambar girma a baje kolin Benis na Italiya a 2007. A nan gida J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson matan Najeriya a 1968, ya tara kusan hoto dubu.

Ɓarna ta biyu ta masu ƙaunar hoton ce da kansu. Matasa masu sha'awar tsohuwar Kano suna musayar hotuna a Facebook da zaurukan WhatsApp, abin a yaba. Amma hoto zai yi yawo babu sunan wanda ya ɗauka, babu shekara, ko a ƙaga masa wata. Mafi ɓacin rai, sai a ba manhajar ƙirƙirarriyar basira ta "gyara" shi. Manhajar ba ta san dogarin Sarki ja da kore yake sawa ba, sai ta shafa masa ruwan ƙasa. Ta ga bille a kumatun tsoho ta ɗauka karce ne, ta goge. Jika ya yaɗa fuskar da ba ta kakansa ba ce, a yi ta zuba masa "Masha Allah".

Ga masu ɗora sababbin hotunan da suka ɗauka a zaurukan nan kuwa, yabo kaɗai ba ya koya wa kowa komai, tambayar "wace kyamara ce?" ma haka. Sharhi mai amfani shi ne a ce wa mai hoto ranar tsaka ta jefa inuwar rawani a idon mahayin, da ya jira bayan la'asar. Ko ya yanke ƙafar doki. Ko turken lantarki ya tsiro a kan hakimi. Masu hoto 12 a naɗi sun koyi jira ne dole, don kowane latsi kuɗi ne. 

Wanda ya gaji nagatif ya riƙe shi ta gefe, kada yatsa ya taɓa tsakiya. Kada a sa masa ruwa ko a goge shi da tsumma. Ƙurar hunturu yashi ce, tana karce shi. A hure ta da ɗan famfon roba irin na masu gyaran agogo. A cire kyauron da aka ɗaure su da shi, a raba su ɗaya-ɗaya cikin takarda mai tsabta, a rubuta suna da wuri da shekara da fensir a jikin takardar, tun tsofaffin da suka san fuskokin suna raye. Kada a ƙulle su a leda, domin laimar damina tana haifar da fumfuna, kuma kada a ajiye su a saman sif ƙarƙashin kwano inda zafin Afrilu yake dafa komai. Nagatif ɗin da ya fara warin tsami kamar ruwan kal ya soma ruɓewa, a ware shi kada ya shafi sauran, a fara sikanin da shi. Hoton takarda kuma a daina kai shi a manne da roba mai zafi, ba ta ɓantaruwa. Wajen turawa a WhatsApp a aika shi a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar za ta matse shi. Idan an yi masa launi a faɗa, a ɗora na asalin kusa da shi. Hoton matan gida kuwa ba ya fita sai da yardarsu, ko ta magadansu in sun rasu.