Yadda Ake Cire Busasshen Siminti Daga Bangon Dutse

Sau da yawa akan ƙawata gaban gida, ko ofis, ko masallaci da sassaƙaƙƙen dutse mai tsada, sa'an nan magina su hau sama yin filasta ko zuba kankare, siminti ya yi ta fantsama a kansa. Bayan an sauke katakan hawa sai a tarar bango ya yi dabbare-dabbare. Gyaran wannan yana yiwuwa, amma wanda ya yi shi da gaggawa yakan yi wa dutsen lahanin da ya fi na simintin.

Da farko ya kamata a san cewa siminti ba bushewa kawai yake yi kamar laka ba. Haɗuwarsa da ruwa ce take mai da shi dutse, saboda haka in ya kama, ruwa ba ya narkar da shi. Cikin kwana 7 yakan sami wajen kashi biyu bisa uku na ƙarfinsa, a kwana 28 kuwa ya kusa kai matuƙa. Abin da za a kankare da katako washegari, bayan wata guda sai da guduma.

Aiki yana farawa da hannu. A jiƙa wurin sosai, a ɗauki cizal mai faɗin baki, a kwantar da shi a gefen curin simintin, a riƙa bugu a hankali da ƙaramar guduma. Kada a tsayar da bakin cizal a kan dutsen, domin zai ɓantare shi. Yawancin manyan curi sukan ɓalle ɗungum, musamman a dutse mai santsi. Abin da ya rage a goge shi da buroshi mai ƙarfi na roba. Buroshin waya na ƙarfe yana da saurin aiki, amma yakan bar ɓurɓushin ƙarfe a jikin dutse, in damina ta zo sai tsatsa ta bayyana ja-ja. Injin gurza kuwa tabonsa ba ya ɓacewa.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen zuba asid. Da dutsen farar ƙasa ake yin siminti, ana gasa shi tare da yumɓu a zafin da ya kai digiri 1,450 a ma'aunin Salsiyos. Shi ya sa aka kafa masana'antun siminti a Ewekoro da Ashaka da Sakkwato da Obajana, inda ake haƙo wannan dutse. Asid yana cin siminti ne saboda farar ƙasar da ke cikinsa, don haka lalle zai ci duk dutsen da yake danginta. Dutsen farar ƙasa, da dutsen mabul irin na Jakura da Igbeti, da wasu duwatsun yashi, duka asid yana zagwanyar da fuskarsu, kuma ba a mayar da abin da ya ci. Giranit, watau dutse mai tauri da ɗigo-ɗigo irin wanda ake fasawa a kewayen Jos da Abuja, ya fi jurewa, ko da yake wanda aka goge yana ƙyalli yakan dushe.

Kada a dogara da ido, ko da maganar wanda ya sayar da dutsen. A nemi lungun da ba a gani, a ɗiga masa asid da aka sirka da ruwa. In ya yi kumfa yana tsuwa, to an haramta wa wannan bango asid; sai haƙuri da ruwa, da buroshi, da gugar wurin a hankali da guntun dutse irinsa. In bai yi kumfa ba, a jira kwana ɗaya ko biyu a ga ko launi ya sauya.

In dutsen ya jure, asid ɗin da magina ke amfani da shi shi ne haidurokulorik, mudu ɗaya cikin mudu 10 na ruwa. A bokitin roba ake haɗa shi, domin yana cin bokitin ƙarfe. Asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid. Mai aiki ya sa safar hannu ta roba da tabarau mai rufe ido, a kori yara daga wurin, a rufe tagogi da ƙofofin ƙarfe da leda. A shayar da bangon ruwa tukuna don kada ya tsotse asid ɗin, a shafa a ɗan ƙaramin wuri a kan simintin kaɗai, ana kauce wa layin da ya haɗa duwatsu, domin shi ma siminti ne. Bayan kamar minti 5 a goge, a wanke da ruwa mai yawa, har da ƙasan bangon inda ya kwarara. Ruwan kanwa yana kashe kaifin abin da ya saura, amma shi ma a ɗauraye shi. Da safe ko da yamma ake yi, domin rana tana busar da asid a jikin dutse.

Wasu sukan ɗebo ruwan batir don ya fi sauƙin samu. Wannan wani asid ne dabam, yana barin farin tabo mai wuyar fita, ga ƙona fata. Haɗa asid da bilic na wanki kuwa yana tayar da iskar kulorin, wadda take iya kashe mutum.

Mai ba da kwangila ya sa a cikin sharaɗi cewa za a lulluɓe dutse da leda ko buhunan siminti kafin a fara aiki a sama, kuma a wanke abin da ya fantsama kafin a tashi aiki kowace rana.